Rasuwar Kumbon Talia, Wanda Bai Taɓa Barin Gareji Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ta kasa zama wuri ɗaya, ni Yesenia Broussard ta unguwar Clear Lake nake sanar da rasuwar kumbon 'yata Talia, ranar Lahadi da rana, a garejinmu.

An haifi marigayin a matsayin kwalin firij. Mijina Curtis, wanda ke ƙera kujerun 'yan sama jannati a hukumar sararin samaniya, shi ya yanka masa ƙofa, ni na liƙe gefen da salatif don kada ya yanki yarinyar. Mai haƙuri ne. Ya ɗauki yarinya 'yar shekara biyar, da mage, da kwanon tace taliya da ake kifawa a ka, bai taɓa ƙorafi ba. Muryarsa ɗaya ce, wani "ƙiii" idan an jingina da shi, sai "fuuu" da ke fitowa daga ciki, wanda muke zargin na matuƙiyar ne.

Ciwon ajalinsa daga sama ya gado shi. Da manyan hukumar suka ce Wata za a nufa, Curtis ya sa masa ƙafafun sauka. Da suka ce a'a, duniyar Mars, ya cire ƙafafun ya ƙara masa ɗakin kwana. Da aka koma maganar Wata, sai aka huda sabuwar taga. Na ce masa, baban Talia, kwali ne fa, ba ya jure canjin shawara. Ranar da labari ya zo cewa an dakatar da aikin kujerun har wani kwamiti ya zauna, Curtis bai shiga gareji ba. Danshin garin nan ya ƙarasa sauran. Kumbon ya durƙushe babu kowa a ciki, wannan kam na gode wa Allah.

Ya bar matuƙiya ɗaya, da ƙaninta Emmett da bai kai shekarun shiga ba, da uba mai duba wayarsa ko a teburin abinci. Ya bar ni ina tsaye da takardar sabunta rajistar makarantar Talia, ban san ko a garin nan za mu kai kaka ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis, idan motar kwashe kwalaye ta zo, bayan na kai Talia makaranta. Masu ta'aziyya, don Allah kada ku tambaye ta ko babanta zai ci gaba da aiki, ba ta sani ba, ba kuma yanzu za ta sani ba. Kada ku kawo abinci. Ku kawo kwalaye marasa komai, ƙila na haɗa kaya ne. Mafi girma dai na riga na yi wa Talia alkawarinsa.