Rasuwar Murfin Cikin Bindigar Kaka Halvor

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu busassu, Maren Tvedt ta kwarin Big Hole tana sanar da dangi da abokan farauta rasuwar Murfin Ciki, ɗan ƙarfen nan da ke tare harsasai daga ƙasan bindigar kakanta Halvor. Ya cika yana da shekara sittin da ɗaya, a bakin aiki.

Rai ya yi halinsa a kan dutse, ranar ƙarshe ta lokacin farauta. Abin da ke jikin Maren: bindiga, harsashi huɗu, wuƙa, igiya, butar kofi, da takardar izinin harbin bijimin elk, ƙaton naman daji dangin barewa, wadda ta jira shekara tara kafin ƙuri'a ta faɗo kanta.

Marigayin mai kawaici ne. Kalma ɗaya ya sani, "ƙyas", in an rufe shi. Ya yi wa kaka da ɗa da jika hidima, bai taɓa neman komai ba sai ɗigon mai.

Ya yi jinyar shekara uku, sakatarsa tana saki. Baffa Arlo, ƙanen mahaifin Maren, ya yi ta ɗaure shi da baƙin salatif, yana cewa tsohon ƙarfe ba ya mutuwa.

Ranar nan Maren ta harba, bijimin ya gusa, harsashi ya same shi a ciki maimakon ƙirji. Ta ja hannun bindiga don ta ƙarasa shi, ta tarar wayam. Girgizar harbin ta ɓalle marigayin, sauran harsasai ukun sun zube sun nutse a dusar ƙanƙara mai kai gwiwa. Da ƙyar ta tono ɗaya. Awa huɗu tana bin jini kafin ta cim ma bijimin, kwance, yana kallonta. Maren likitar dabbobi ce. Ba sai an gaya mata abin da awa huɗun nan suka yi masa ba.

Marigayi Murfin Ciki ya rasu ya bar katako, da bututu, da kunama, duk lafiyarsu ƙalau. Ya kuma bar Baffa Arlo, wanda ya fi kowa jin mutuwar.

Duane maƙerin bindiga ya nuna mata magada biyu, gidajen harsashi masu cirewa. Ɗaya yana shiga ba tare da an taɓa katako ba, amma yana ƙwaram-ƙwaram kamar gwangwani. Ɗayan yana kamawa daram, sai dai dole a fafe katakon Kaka, kuma abin da aka fafe ba ya komawa. Ta zaɓi na biyun.

Wajen gaisuwa Baffa ya ce, "Likita, shekara takwas kina karatu a Edinbara, abin da suka koya miki ke nan? Abin da zai sulluɓe a daji ki dawo gida da sanda? Kawo bindigar Baba in rataye a bango, in saya miki ta roba, irin ta yaran birni."

Ta ce, "Baffa, da ka zo mun bi jinin tare."

"Sau ɗaya fa, yarinya, cikin shekara sittin!"

"Shi ma bijimin sau ɗaya ya mutu."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a shagon Duane, inda za a kwance kusoshi biyu. Ba a buƙatar furanni. Masu wa'azi su tsaya a waje. Za a sa gawar a gwangwanin kofi a miƙa wa Baffa Arlo, ya rataye ta inda ya ga dama. Daga nan Duane zai rufe ƙofa, ya ɗauki kurfi ya hau fafe katako. Bindigar kuwa ba za ta hau bangon kowa ba. Kaka bai bar wa Maren abin ado ba, kuma baɗi tana kan dutse da ita.