Rasuwar Matsefatar Inna Kulsum

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma zargi ya hana ta kwanciya, Muniru jikan Inna Kulsum, na bayan rumfar mahauta a Zongon Lome, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa zuwa aro cewa matsefatar gidansu, 'yar ƙarfen nan mai ƙafa biyu ta tsige gashi da ƙaya, ta rasu. An tsince ta ranar Talata da hantsi a gindin randa, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can. Ba ta yi jinya ba. Muniru yana roƙon jama'a su riƙe wannan tun daga farko, domin ranar Litinin da hannunsa ya shafa mata man kaɗe, lafiyarta ƙalau.

Marigayiya 'yar maƙera ce, tsawonta bai kai yatsa ba. A tsohon Zongo aka ƙera ta, tun kafin a tashi unguwar a dawo da ita nan bayan Agoè. A wancan tashin turmin gidan ya ɓata, gadon ƙarfe ya karye a mota, amma ita ta iso lafiya, rataye a wuyan Inna da igiyar fata, tare da mabuɗin akwati.

Aikinta ɗaya ne, kuma ba ta taɓa fashi ba. Inna ta daɗe da ciwon nan mai lanƙwasa fatar ido zuwa ciki, har gashin idon ya juya yana gogar ƙwayar, kowace ƙiftawa kamar an watsa yashi. Kullum bayan sallar asuba, in haske ya isa, Inna takan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki ta ɗora kai a cinyar Muniru, shi kuma ya ɗaga fatar idon da babban yatsa, marigayiya ta shiga. Ba ta da surutu. Ƙis, in ta kama gashi. Ƙis-ƙis, in gajere ne ya zille. Shekara goma sha ɗaya ke nan, tun Muniru bai iya ɗaura wando daidai ba. Inna kan ce duk Zongo babu amaryar da mijinta ke duban idonta kowace safiya sai ita, sai dai da ta san angon ba shi da sana'a da ba ta karɓi goron ba.

Sau biyu kacal marigayiya ta taɓa mintsinin fata, duka biyun kuma laifin Muniru ne. Iskar teku da ke cin kwanon rufi ba ta samu ta ci ta ba. Ta cire ƙayar kifi daga yatsun matan unguwa ba adadi, ta zaro lagwanin fitilu da suka faɗa cikin kananzir, ba ta taɓa tambayar mai aro ko Bazabarme ne ko Bahaushe ko ɗan Kotokoli ba. Ba ruwanta da siyasa. Ba ta je rawar jam'iyya ba, amma ba ƙi ta yi ba, ba a gayyace ta ba ne.

Saboda ita Muniru bai taɓa kwana a wajen gida ba. Kawu Issifou, wanda ke tuƙa babbar mota daga tashar jiragen ruwa zuwa arewa, sau uku yana ajiye masa kujera a gefensa don ya koyi tuƙi. Sau uku Muniru yana tambayarsa, cikin ladabi, wa zai riƙa yi wa Inna tsifar ido. Kawu sai ya yi tsaki ya tafi.

In ana neman mafarin ajalinta, to ranar da Yaya Meimuna ta zo daga gidan mijinta a unguwar Agbalépédo ne. Ita ta yi boko, tana jin Faransanci kamar ruwa. Ta ce yanzu likitocin ido sun iya gyaran wannan ciwo: su ɗan tsaga fatar, su juyo da bakinta waje, su ɗinke, kafin tuwo ya nuna an gama. Muniru bai yi gardama ba, ba halinsa ba ne, amma bai yarda ba. A kan bencin asibiti ma ya ji abin da ya ƙara masa shakka. Wani ya ce a ƙasar Turawa har can bayan ido ake ɗinkewa da haske, ba wuƙa ba allura. Wani tsoho daga garin Mango ya nuna masa sabon idon da aka dasa masa a gurbin wanda ya mutu, yana kallonka tar amma ba ya ganin komai. Muniru ya ce a ransa, mutanen da suka iya sa mataccen ido ya yi kamar mai rai, sai a riƙa lura da hannunsu.

Aka yi aikin. Aka kwance bandeji, bayan mako aka cire zare, gashin idon Inna ya tsaya yana duban waje kamar bai taɓa yin laifi ba. Abin da ta fara gani gemun Muniru ne, ta tambayi wanda ya ba shi izini. Likita ya yi magana mai tsawo, Yaya Meimuna ta fassara ta a taƙaice: wai kada matsefata ta sake kusantar idon, in an ga wani abu a komo asibiti. Muniru ba ya cewa yayarsa ta yi ƙari. Yana dai cewa maganar likita ta fi wannan tsawo.

Don haka bai daina ba. Kwana arba'in yana shimfiɗa tabarma da kansa, yana roƙon Inna ta kwanta ya duba, don ya san halin gashin nan, shekara goma sha ɗaya suna tare. Bai samu ko ɗaya ba. Ranar Litinin ya ga wani a kusurwar idon hagu wanda tsayuwarsa ba ta yi masa ba. Ƙis. Wannan ce maganar marigayiya ta ƙarshe. Da ya ɗaga gashin a haske ya ga lafiyayye ne, waje yake duba. Idon Inna ya kawo ruwa. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta ma tsokane shi ba, ta dai miƙo wuya ya rataya mata igiyar. Da la'asar Kawu Issifou ya zo karo na huɗu, Muniru ya tambaye shi in gashin ya komo fa. Inna tana zaune tana ji.

Muniru ba ya son ɗora wa kowa laifi, amma ya kamata a faɗi abin da aka sani. Yaya Meimuna ta sha kiran marigayiya ƙazama a gaban mutane, sai dai ranar Talata tana gidanta, maƙwabtanta sun shaida. Kawu Issifou yana da dalili, yana kuma da akwatin ƙarafa a mota. Ya rantse ba shi ba ne, Muniru ya karɓi rantsuwar, ko da yake dariyar da ta biyo baya ta yi yawa a gidan makoki. Likita kuwa bai san hanyar Zongo ba.

An kai gawar wajen Ɗan'auta maƙeri, ɗan wanda ya ƙera ta. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce wannan ba tsufa ba ne, duka ne, sau uku aƙalla, da dutse, kuma dutsen bai daɗe da niƙa barkono da albasa ba. Dutsen niƙa ɗaya ne a gidan. Tun da idonta ya warke Inna ta karɓe shi, ba ta barin kowa ya taɓa mata. Igiyar kuma ba tsinke ta aka yi ba, kwance ta aka yi, ƙullin nan ɗan mitsitsi da Muniru ya yi da haƙori, wanda sai mai ido sosai zai ga bakinsa. Da Muniru ya durƙusa ya tambayi Inna ko ta ga wani ya shigo, sai ta ce ita tsohuwa ce, me take gani, ta ci gaba da tsince tsakuwa daga shinkafa.  Muniru ya rubuta ne kawai yadda aka yi.

Marigayiya ta bar igiyarta, da mabuɗin akwati abokin zamanta, da ɗan gwangwanin man kaɗe da ba a kai rabi ba. Ta bar tabarma. Ta bar idon Inna biyu da gashinsu cif, ban da guda ɗaya. Ta bar yatsun Muniru biyu na dama, waɗanda har yanzu da safe sukan haɗu da kansu su kama iska.

Game da jana'iza, liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, an kuma amince. An sanar da wakilin jam'iyya na unguwa cewa ba taro ba ne, mutum biyar ne, kuma ba za a yi jawabi ba. Za a binne ta a gindin darbejiyar tsakar gida ranar Juma'a, da an idar da sallar asuba. Muniru ya so a bari sai an sauko daga masallaci don jama'a su samu zuwa, Inna ta ce a'a, motar Kawu ƙarfe bakwai take tashi. Ashe ma an riga an ɗaure wa Muniru ƙunshi: garin rogo, kilishi, da sababbin silifa. Mai silifan ya ce ranar Asabar Inna ta saya, kwana uku kafin rasuwar. Wannan ma Muniru ya rubuta ne kawai. Likkafanin ɗan ƙyallen fari ne, Inna ce ta ɗinka. Ita ta zura zaren a allura da kanta, sau ɗaya, sannan ta ɗago ta dubi Muniru.

Masu ta'aziyya su iske Inna a gida, don Muniru ba zai kasance ba. Roƙonsa ɗaya ne. Duk wanda ya zo gaisuwa ya zo da safe, lokacin da haske ke da kyau, ya durƙusa kusa da ita, ya ɗan ja gaisuwar, ya duba masa fatar idon hagu ta sama, can wajen kusurwa. In ya ga wani gashi da tsayuwarsa ba ta yi masa ba, kada ya taɓa. Ya faɗa wa Yaya Meimuna ta kai ta asibiti, sannan ya ba direbobin arewa saƙo su kai wa Muniru.