Tumatirin Ƙarƙashin Gado

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na jawo tasoshin nan daga ƙarƙashin gado. Shekarar da fari ya cinye gero ce, sojoji na ta kira a rediyo kowa ya kama noman rani. Mu matan layinmu a Talaje muka samu ƴar garka, aka ba mu irin tumatir da takardar bayani. Da yake ni kaɗai na yi yaƙi da jahilci, ni aka ba renon irin kafin a dasa. Shi ke nan gare mu, in ya lalace babu wani.

Na karanta a hankali: "A yi musu inuwa." (Akwai "kaɗan" a layin ƙasa, inda takardar ta naɗe. Ban buɗe ba.) Ni da na ga abin da rana ta yi wa gonar babana a Maraɗi, ai ban tsaya wasa ba. Na shuka irin a tasoshi, na tura su ƙarƙashin gado, har da sakin zane.

Kwana tara sai ga malamar gona, mata sun cika tsakar gida. Na jawo tasoshin ina murmushi. Tsirran sun yi tsawo kam, amma farare sol, wuya siriri, duk sun kwanta.

Maƙwabciyata Hajiya Rabi ta leƙa ta ce, "Maman Hadiza, tumatir muka ba ki ko taliya?"

Malamar ta danne dariya. Ta ce a cikin ganye akwai ƴan ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ke sa shi kore, su ke girka wa tsiro abinci. Kowace da umarninta a rubuce a cikinta, amma sai haske ya taɓa ta take buɗewa ta karanta. In duhu ne, rufewa take. Sannan ta warware takardar a gaban kowa, ta nuna mini "kaɗan" ɗin.

"To su dai duhu ya hana su karatu," in ji Hajiya. "Ke fa?"

Har ni sai da na yi dariya, fuska cikin mayafi.

Malamar ta ce a riƙa nuna musu hantsi kaɗan-kaɗan. Rana ta uku kore ya fara shigowa, na kira ƴata Hadiza muka tsuguna muna kallo kamar an yi mana haihuwa. Da yawansu sun tashi, mun ci miyarsu.

Tun daga nan, ko takardar ƙunshin ƙosai aka miƙo mini, sai na warware ta har ƙasa.