Bakina a Fim Ɗin da Ba a Magana

Na sha kunya iri-iri a garin Greensboro na Amurka, amma ba zan taɓa mantawa da ta fim ɗin 'yata Jummai ba. Harkar fim take karanta a jami'a, aka ba su aikin haɗa wasan barkwanci irin na da, baƙi da fari, wanda ba a jin magana sai kiɗa. Suka samu aron wani tsohon gidan silima a cikin gari, mai jajayen kujeru duk sun ƙoƙe. Da suka rasa masu fitowa a 'yan kallo, Jummai ta roƙe ni in zo da ƙawata Saratu.

"Mama, ku yi ta motsa baki kawai, ba a ɗaukar murya," in ji ta.

To ni ban iya motsa baki a banza ba. Na juya wajen Saratu na ɗauko zancen Anti Rifkatu, matar da ta sauke ni a gidanta na McLeansville wata bakwai da na zo ƙasar nan (ita ta koya mini tuƙi ma). Na ce miyar kukarta tsululu kamar ruwan wanki. Na ce in ta ja waƙa a coci har haƙorana ciwo suke. Daraktan, wani ɗan ajinsu, yana ta ɗaga mini babban yatsa, ni kuwa ina ƙara gishiri.

Wata Lahadi bayan sujada Jummai ta haska mana fim ɗin a zauren coci. Anti Rifkatu na layin gaba da robar cincin da ta soya mana. Aka yi dariya, aka tafa. Sai Jummai ta ce akwai ƙari, yadda aka yi aikin, wanda abokin karatunta ya ɗauka da waya. Ita Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ba ta san abin da ke ciki ba.

Muryata ta cika zauren, tar.

Anti ta rufe robarta, ta zo ta tsaya a kaina.

"Maman Jummai, wata bakwai kina shan miyar nan. Da kin faɗa, ai da na ƙara kuka."

Sau uku ina zuwa ba ta haƙuri. Takan tsaya a bakin ƙofa ta ce ya wuce, amma ba ta taɓa cewa in shigo ba. Saratu, da ta fi kowa ƙyaƙyatawa ranar ɗauka, ta canza kujera a coci.

Yanzu ko hoton fasfo za a ɗauke ni, sai na haɗe leɓe gam har mai hoton ya ajiye na'urarsa.