Rasuwar Farfesa, Kunkurun da Ke Cewa Zi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma a ƙarƙashin baƙin cikin wanda zan faɗa idan na zo wurin, ni Dustin Getchell, mai aikin taya a garejin bakin gada, a madadin iyalina, ina sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki na nan St. Stephen da na tsallaken kogin da ya raba ƙasarmu da Amurka rasuwar Farfesa, kunkurun roba mai koyar da haruffa. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da la'asar, a kan teburin kicin, bayan jinyar mako biyar.

Marigayin kore ne, mai tabarau na fenti, da haruffa ashirin da shida a bayansa, kowanne da madanninsa, babban harafi a sama, ƙarami a ƙasa. Ba mu san ranar haihuwarsa ba. Mun dai san ya shigo gidanmu ranar da 'yata Hazel ta cika shekara uku, a hannun kawunta Royce, yayan matata Marnie, wanda ke zaune a Calais ta ɓangaren Amurka, wanda kuma ya yi jami'a, kuma ba ya barin a manta da ko ɗaya daga cikin biyun. Ni a ranar amalanken katako na ba ta, wanda na yi mako uku ina haɗawa da hannuna, har da tayoyi na gaske. Ta hau sau ɗaya. Amalanken na nan a ɗakin ajiya, yana cikin waɗanda ba su yi kuka ba.

Ba a faɗin sharri a kan mamaci, kuma ni ma ba ni da na faɗa. Farfesa mai haƙuri ne. Da an taɓa shi sai ya ce, "Zo mu yi wasa!" Yakan tambaya, "Ina harafin em?" In an dace ya ce, "Madalla!" In an kuskure ya ce, "Sake gwadawa!" da murya iri ɗaya, ko sau ashirin aka kuskure. Bai taɓa yin tsaki ba. Bai taɓa duba agogo ba. In an bar shi shi kaɗai, ba ya fushi, sai ya ce, "Sai anjima!" ya yi shiru. An zuba masa madara, an ja shi a kan tsakuwa, karenmu ya taɓa ɗaukarsa da baki har bayan gida, ya dawo yana tambayar ina harafin es.

Ba ya dawowa gida yana warin taya. Bayansa ba ya ciwo. Ba ya yin gyangyaɗi a tsakiyar littafi. Wannan duk ina faɗa ne don yabo.

Kafin zuwansa, in na buɗe ƙofa da yamma, Hazel kan sheƙo ta rungume min ƙafa tun ban cire takalmi ba. Bayan zuwansa sai in tarar da ita a kwance rub da ciki a gabansa, ta ɗaga min yatsa ɗaya ba tare da ta waiwayo ba, ta ce, "Baba, tsaya. Farfesa na magana." Sai in tsaya. Nakan tsaya a bakin ƙofar gidana da abincina na rana da ban ƙarasa ba a hannu, ina jiran kunkuru ya gama.

Aibinsa ɗaya ne, kuma ba laifinsa ba ne, laifin inda aka raine shi ne. Duk wanda aka haifa a wannan gefen kogin ya san harafin ƙarshe zed ne; mutanen Amurka ne ke ce masa zi. Shi kuwa in an danna sai ya ce, "Zi! Zi!" da fara'arsa, kamar bai yi komai ba.

Ni ban yi nisa a makaranta ba, a aji goma na tsaya, kuma ko kafin nan karatu bai taɓa zama abokina ba. Amma wannan ɗaya na sani. Kuma harafin yana tsakiyar sunan 'yata, sunan da ni na zaɓa, sunan kakata. Ranar da Hazel ta fara jera sunanta da haruffan da ke manne a jikin firji, na durƙusa kusa da ita zuciyata fal da murna. Ta zo na uku ta ce zi. Na ce, a hankali, "Zed, 'yar Baba."

Ta dube ni da tausayi, wanda ya fi raini ciwo. Ta ce, "Baba, kai ba ka sani ba." Ta jawo Farfesa, ta danna, ya ba ta gaskiya.

Mahaifiyata Loretta tana wurin, tana shan shayi. Ta ajiye kofin ta ce, "Dusty, kana zaune kunkurun Amurkan nan zai mayar maka da 'ya baƙuwa a cikin gidanka. Yau zi, gobe kuma sai me?"

Marnie ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Mama, ki dubi fuskar ɗanki. Wallahi kishi yake da roba."

Na ce ba kishi ba ne, maganar ƙasa ce. Ba wanda ya yarda, har da ni.

Yanzu ga abin da ko Marnie ba ta sani ba sai da na ba ta takardar nan ta gyara min rubutu. Marigayin yana da ɗalibi na biyu. Kowace Asabar da rana, in Marnie ta kai Hazel koyon iyo, nakan ɗauko shi in ɗora a teburi, in sa hannu in rufe manyan haruffan. Tun ina yaro ƙananan bi da di suke juya min baya; in na kama ɗaya sai ya zama ɗayan. Wata malama da na yi a aji huɗu takan saki numfashi in na zo kansu, har yau ina jin numfashin nan in aka miƙo min takarda a gaban mutane. Farfesa bai taɓa sakin numfashi ba, don ba shi da shi. "Ina harafin di?" In danna. "Sake gwadawa!" In sake. Watanni muka yi a haka, mu biyu, kafin in ji "Madalla!" sau goma a jere. Da mun ji motar Marnie sai in mayar da shi inda yake, in ci gaba da jin haushinsa. Mutum na iya cin arzikin wani yana kuma jin zafinsa. Ni shaida ne.

Ciwon ajalinsa ya fara ne a farkon watan Oktoba, lokacin da kowa a garin nan ke tuna sa wa motarsa tayoyin lokacin ƙanƙara a rana ɗaya. Muryarsa ta fara ja. "Zooo muuu yiii waaasa." Kamar tsoho da aka tasa daga barci. Marnie ta rubuta batir a takardar cefane, ta ja layi biyu a ƙasa. Na je kanti na dawo da komai ban da shi. Na ce na manta. Mako na biyu na tsaya a gaban batiran, na ɗauka, na juya, na karanta abin da ke jiki, wanda da a ce ba don marigayin ba da ban karanta da sauri haka ba, sannan na mayar. Na ce babu irin nasa. Mako na uku Farfesa ya yi shiru gaba ɗaya, aka ɗora shi a kan firji ya huta.

Zan faɗi gaskiya tunda ranar faɗinta ce: kwanakin nan sun yi min daɗi. Hazel ta dawo bakin ƙofa. Ta fara kawo min haruffa a tafin hannu tana cewa, "Baba, wannan fa?" Ina faɗa, tana karɓa, babu wanda za a je a tambaya ko na yi daidai. Na riƙa tafiya aiki ina fito.

Sai ranar Talata. Na dawo da wuri, na tarar ta jawo kujera ta hau, ta sauko da shi, ta lulluɓe shi da tawul ɗin kwanuka, tana danna masa haruffa ɗaya bayan ɗaya, tana faɗar su da kanta da ƙaramar murya don kada ya manta. Ba ta kuka. Da kuka take yi da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Baba, kai kana gyara motoci. Ka gyara shi."

Ban cire rigar aiki ba na koma kanti. Akwai irin nasa, dama akwai. Na kwance murfin cikinsa, sai na ga abin da jinkirina ya yi. Tsofaffin batiran sun fashe, farin gari ya cinye ƙarafan har ciki. Na sa ruwan khal da tsohon buroshin haƙori, na kankare da sanfefa, na busar, na jona waya inda ta tsinke. Duk abin da hannuna ya sani na yi. Na sa sababbin batira, Hazel ta danna. Fitilar idonsa ta ɗan kawo. Da wata murya can ƙasa, yana kallona ta cikin tabaran fentinsa, ya ce, "Sake gwadawa."

Bai ƙara cewa komai ba. Ko "sai anjima" bai samu ya yi mana ba.

Na zauna a ƙasa don tsayinmu ya zo ɗaya, na ce mata, "Hazel, ni na makara da batir. Ba mantawa na yi ba. Na so ki riƙa tambayata ne." Ban san ko yarinya 'yar shekara huɗu tana gane irin wannan ba. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta miƙo yatsa ta danna maɓallin rigata na sama, ta jira. Ban gane ba. Ta sake dannawa da ƙarfi.

"Baba, an danna ka. Ka yi magana mana."

Na ce, "Zo mu yi wasa."

Ta ce, "Ba haka yake yi ba. Da fara'a."

Tun ranar nake wannan aiki. Maɓallan rigata shida ne kawai, don haka tana haɗawa da hanci da kunnuwa. An gaya min har yanzu ban kai shi ba.

Marigayin ya rasu ya bar ɗalibarsa ta fari, Hazel, wadda ta san haruffa ashirin da biyar daidai da ɗaya a karkace. Ya bar ɗalibi na biyu da aka ambata a sama. Ya bar uban gidansa Royce, wanda da jin labarin ya bugo waya ya ce kada mu damu, akwai wani allon gilashi na zamani mai koyar da karatu har da lissafi. Ya bar 'yan'uwansa haruffan jikin firji, ban da kiyu da kare ya haɗiye bara, da littattafan kwali huɗu masu tabon cizo a gefe. Ya bar Kaka Loretta, wadda ta ce Allah ya ba mu haƙuri, tana murmushi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana. Hazel ta so a binne shi a gindin tuffar bayan gida, amma ƙasa ta riga ta daskare, kuma Marnie ta ce ba a binne kayan lantarki. Don haka za a ɗauke shi a cikin amalanken katako, wanda a ƙarshe ya samu aikin yi, daga kicin zuwa a-kori-kurata, daga nan zuwa wurin karɓar tsofaffin kayan wuta da ke bayan gari. An riga an cire batiran. Suna da sauran rai, za su koma tocila. Bayan an dawo akwai shayi da burodi da ƙwai a gida, Kaka za ta kawo kek.

A maimakon furanni, iyali na roƙon kada a kawo komai. Musamman kada a kawo magaji. Royce, da kai nake. Watanni tara suka rage min kafin Hazel ta shiga makaranta, kuma ina son su duka. Na ji an ce malamar ajin tana da haƙuri da murya mai daɗi. Ban taɓa ganinta ba, amma tuni ba ta kwanta min ba.

Kafin a ɗaga gawa za a karanta haruffa daga farko har ƙarshe, ƙanana, daga takardar da na rubuta da hannuna. Ni zan karanta, a gaban kowa, a tsaye. Hazel ce za ta ce madalla. Na tambaye ta, in na kuskure a bi da di fa? Ta ce, "Sai in ce sake gwadawa." A kan harafin ƙarshe mun daɗe muna magana. Na kawo hujjojina, na kawo sunan kakata, na kawo ƙasa. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Baba, jana'izarsa ce fa."

Saboda haka ina sanar da jama'a tun yanzu, don kada wani ya ce bai ji ba: ranar Asabar, ni Dustin Getchell, haifaffen wannan gefen kogin, zan ce zi da bakina, sau ɗaya, da fara'a. Ana roƙon Kaka Loretta ta yi tari a daidai wurin in ba za ta iya jurewa ba. Daga ranar Lahadi kuma za mu koma kan maganar, ni da Hazel. In ta ƙi, zan sake gwadawa.