Ranar da Na Shanye Furar Gayya

Shekarar da gero ya yi tsada na tashi daga jinyar wata tara. Sati biyu ina shan romo, sai na ɗauka na koma saurayi. Ranar noman gayyar maƙwabcinmu Malam Iro, na saɓi fartanya.

Ya ce, “Zauna a inuwa, ka yi mana addu'a.”

Na ce noma na zo yi.

Ban kai tsakiyar gona ba na farka ƙarƙashin ɗorawa, ana yi mini fifita. Aka miƙo furar gayyar, ƙwarya ɗaya tal, in ɗan kurɓa. Wallahi sai gindin ƙwarya na gani.

Da yunwa suka ƙarasa noman, suna dariya. Yawancinsu sun rasu, amma har yau 'ya'yansu na hango ni sai su ce, “A rufe fura, ga manomi nan.”