Dakta Maikano Ba Ya Zama Na Uku

A wani asibiti aka kawo sabuwar manhajar kwamfuta mai raba wa likitoci hotunan cikin jikin marasa lafiya, aka ɗora wa Tanimu, ma'aikacin sashen kwamfuta, aikin saita ta. Kowane likita ya kawo ƙa'idarsa: na yara ya ce a turo masa hoton yaro, na ƙirji ya ce hoton ƙirji nasa ne. To amma yaron da ya faɗo daga babur ya bugu a ƙirji fa, na wa ne? Ita manhajar ba ta da lokacin gardama, ƙa'idar da ke sama kawai take bi. Tanimu ya yi abin hankali, ya sa ta gaggawa a farko, ta yara a biyu, ta ƙashi a uku.

Ashe ya taɓo wa kansa. Dakta Maikano, likitan ƙashi, shekara talatin a aiki, mutumin da ko a wurin ɗaurin aure ba ya zama layi na biyu, ya leƙo ya ga jerin.

"Kai Tanimu, ni ne na uku? Ƙarƙashin yaran da na koya wa riƙe allura?"

"Ranka ya daɗe, ba jerin girma ba ne, jerin..."

"Ka gyara yau, ko in sa a tura ka ƙauyen da ko lantarki babu, ka je ka saita fitilar ƙwai."

Tanimu dai bai shirya rabuwa da birni ba. Ya ɗauko ƙa'idar Dakta ya kai ta can sama, yadda ya rubuta ta da hannunsa: duk hoton da ƙashi ya fito a ciki nasa ne.

Ranar Litinin Dakta ya buɗe kwamfutarsa ya tarar da hoto ɗari biyu da sha huɗu suna jiransa, sauran likitoci kuwa suna ta shan shayi abinsu. Ya faɗo ofishin Tanimu ko sallama babu.

"Hoton haƙori! Hoton mai tari! Har da na masu juna biyu! Me ya haɗa ni da masu juna biyu?"

"Ranka ya daɗe, ɗan da ke cikin ma da ƙashinsa."

"To wane hoto ne ba zai zo wurina ba?"

Tanimu ya rusuna cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, duk ranar da tsutsa ta zo ɗaukar hoto, wallahi ko kusa da kai ba zai zo ba."